Arizona: Ƙasar Kaboyi, Inda Ake Farautar Hadari Da Kyamara

DUK wanda ya taɓa kallon fim ɗin kaboyi, ko a sinima ko a tsohon kaset, ya san wannan ƙasa ko da bai san sunanta ba. Jajayen duwatsu ne tsaitsaye kamar an dasa su, ga fili fetal ba gida gaba ba gida baya, sannan ga wata bishiya mai ƙaya, mai kama da ƙyarana, ta ɗaga hannuwa biyu sama kamar wanda ɗan fashi ya ritsa da bindiga. To, sunan wurin Arizona, jiha ce a kudu maso yammacin Amurka, tana iyaka da ƙasar Meziko.

A fim kullum rana ce ƙwal, jarumi na tafe a kan doki, leɓensa ya bushe, gorar ruwansa ta ƙare. Abin da finafinan ba su cika nunawa ba shi ne, wannan hamada tana da damina, kuma daminar ba ta wasa ba ce. In ta kama, wasu mutane sukan ajiye ayyukansu, su saɓi jaka da kyamara, su bazama daji da tsaunuka suna bin hadari kamar yadda mafarauci ke bin sawun barewa. Wasu sun yi suna da kuɗi ta wannan hanya, har hotunansu sun shiga finafinan Holiwud. Wasu kuma tafiyar ce ta zama ajalinsu.

Damina a tsakiyar hamada

Mutanen can suna kiran lokacin da suna “monsun”. Asalin kalmar Larabci ce, “mausim”, wato lokaci na shekara. Masu kallon finafinan Indiya sun san ta, domin ita ce daminar da mutanen ƙauyen su Aamir Khan suka yi ta zuba ido suna jira a fim ɗin Lagaan na 2001. Tun daga 2008 hukumar kula da yanayi ta Amurka ta tsayar da cewa daminar Arizona tana farawa ran 15 ga Yuni, ta ƙare ran 30 ga Satumba. Amma wannan a takarda ne. Ruwa ba ya duba kalanda, galibi sai farkon Yuli yake sauka.

Kafin nan sai an sha wuya. Watan Yuni a Phoenix, babban birnin jihar, irin zafin nan ne da mutanen Sakkwato da Maiduguri suka sani a bazara, har ya ɗara. A 2023 birnin ya yi kwana 31 a jere zafi yana kaiwa digiri 43 ko fiye. Wannan zafin ne yake janyo ruwan. In ƙasa ta gasu, sai iskar da ta saba busowa daga yamma ta juya, ta riƙa zuwa daga kudu da kudu maso gabas, ɗauke da danshin teku daga ɓangaren Meziko. Danshin ya hau tsaunuka, rana ta dafa shi, sai gizagizai su fara taruwa.

Ruwan kansa ba shi da yawa. A shekara guda Phoenix na samun kimanin milimita 180, abin da Kano ke ninkawa sau huɗu ko fiye. Birnin Tucson, wanda ake furtawa Tuson, yana samun kimanin 270, kusan rabi a cikin waɗannan watanni. Sannan ba shi da alƙawari. A watan Yulin 2021 kaɗai Tucson ta sami sama da milimita 200, alhali daminar 2023 gaba ɗayanta ba ta ba Phoenix fiye da milimita 4 ba. Shi ya sa mai niyyar zuwa ɗaukar hoto zai iya kashe kuɗin jirgi da na otel, ya yi mako guda, ya koma gida bai ga ko ɗigo ba.

’Yan asalin yankin, ƙabilar Tohono O’odham, sun fi kowa sanin darajar wannan ruwa. Wajen ƙarshen Yuni suke fita da dogayen sanduna suna kaɗo ’ya’yan bishiyar nan mai ƙaya, wadda ake kira saguwaro, su dafa su, sannan su yi bikin roƙon ruwa. Daga nan sabuwar shekararsu take farawa. Ran da ruwan farko ya sauka kuwa, hamadar duk sai ta ɗauki wani ƙamshi, ba na jiƙaƙƙiyar ƙasa kaɗai ba, har da na ganyen wani ƙaramin itace da ake kira kiriyosot. Da daddare kwaɗin da suka yi watanni binne a ƙasa su fito, su cika kududdufai da kuka.

Sammako ya fi ƙarfin gudu

Mai son hawa dutse a wannan lokaci, da asuba yake fita. A gefen Tucson akwai Sabino Canyon, kwari ne mai ƙorama a gindin tsaunukan Santa Catalina, kuma akwai gandun dajin Saguaro da ya sa birnin a tsakiya, ɓangare ɗaya a gabas, ɗaya a yamma. Tun gari bai gama wayewa ba motoci sun cika bakin hanya. Kowa da malafa, da takalmi mai kauri saboda ƙaya da macizai, da ruwan sha mai yawa. Ƙa’idar da suke bi mai sauƙi ce: in ruwan gorarka ya kai rabi, juya, ko da saura taku goma ka kai ƙololuwa. A Phoenix kuwa, saboda yawan waɗanda ake ɗaukowa a galabaice, tun 2021 hukuma ta fara rufe hanyoyin hawa dutsen Camelback da rana a kwanakin da aka yi gargaɗin tsananin zafi.

Zuwa ƙarfe 10 na safe mai hankali ya fara gangarowa, kuma ba don zafi kaɗai ba. A daidai lokacin ne fararen gizagizai suke fara tsirowa a kan tsaunin Lemmon, mai tsawon kusan mita 2,800. Da fari kamar audugar da aka shanya, gwanin sha’awa. Kafin azahar sun yi tsiri, gindinsu ya yi baƙi. Wanda la’asar ta riska a kan tudu, riƙe da sandar kyamara mai ƙafa uku, shi ne abu mafi tsawo a wurin, kuma aradu abu mai tsawo take nema.

Akwai lissafin da kowane ɗan farautar hadari ya haddace. In ka ga walƙiya, fara ƙirga. Kowace daƙiƙa 3 kafin ka ji tsawa, kilomita ɗaya ke nan tsakaninka da ita. Masana yanayi kuma sun ce in har kunnenka yana jin tsawa, to tana iya samunka, kuma kada ka fito daga mota ko gini sai an yi minti 30 da jin ta ƙarshe. Gindin bishiya ba mafaka ba ce, haka bakin kogo.

Yadda ake kama walƙiya

Bayan azahar aikin ya koma na mota. Mai ɗaukar hoto yana duban wayarsa, inda hoton na’urar rada yake nuna masa inda hadari ya haɗu da inda ya dosa, sannan yana duban sama da idonsa. Gwanintar ita ce kada ka shiga cikin hadarin. Wanda ke ciki ba ya ganin komai sai ruwa a gilashi. Ana so ka tsaya gefe, da tazarar kilomitoci, rana tana bayanka, yadda haskenta zai bugi gajimaren ya fito da siffarsa, ruwan kuma ya bayyana kamar labule yana sauka a wuri guda, gefensa a bushe.

Hotunan nan da ake gani gizagizai suna gudu suna tafasa kamar tukunya, ba sihiri ba ne kuma ba aikin kwamfuta ba ne. Kyamara ake kafawa, a saita ta tana ɗaukar hoto ɗaya duk bayan daƙiƙa 2, daga baya a jera hotunan su zama fim. Tunda fim yana cin hoto 24 a kowace daƙiƙa, sin ɗin daƙiƙa 10 yana bukatar hoto 240, wato tsayuwar minti 8 ba tare da an taɓa kyamara ba. Iska ta girgiza ta sau ɗaya, aiki ya lalace.

Walƙiya kuwa ta fi yatsan ɗan Adam sauri, kafin ka danna ta wuce. Dabarar ita ce, in duhu ya shiga sai a bar idon kyamara a buɗe na daƙiƙa 10 ko 20, duk walƙiyar da ta gifta a tsakani ta zana kanta a hoton. Da rana kuma akwai wata ’yar na’ura da ake ɗaura wa kyamara, da ta ji haske sai ta danna da kanta. Duk da haka mutum zai ɗauki hoto ɗari, ya sami ɗaya mai kyau, ya yi hamdala. Abin da ya sa Arizona ta yi fice shi ne gindin gizagizanta yana da nisa daga ƙasa, iskarta kuma garau take, don haka ana ganin walƙiya tun daga sama har inda ta dira.

Wurin da suka fi taruwa da yamma shi ne Gates Pass, wata ’yar mashiga tsakanin duwatsu a yammacin Tucson. Daga can, in ka leƙa ƙasa, za ka hango wani ƙauye na katako da jar ƙasa. Wannan shi ne Old Tucson, garin da kamfanin Columbia ya gina a 1939 domin fim ɗin Arizona. A nan John Wayne ya yi Rio Bravo na 1959. Gobara ta ci babban ɓangarensa a 1995, aka sake gina shi. Mai kyamarar da ya dace zai haɗa garin kaboyi da saguwaro da walƙiya a hoto guda.

Ganuwar ƙura

Tsakanin Tucson da Phoenix tafiyar kimanin kilomita 180 ce a kan babbar hanya mai lamba 10, ta cikin gonaki da busasshen fili. A nan ake haihuwar abin da ya fi komai ban tsoro a daminar. In ruwa ya zubo daga gajimare ya ratsa busasshiyar iska, wani sashe nasa yakan ƙafe tun bai kai ƙasa ba. Wannan yana sanyaya iskar, ta yi nauyi, ta faɗo ƙasa da ƙarfi, ta bazu ko’ina kamar an kifar da bokitin ruwa a tsakar gida. Duk ƙurar da ke gabanta sai ta kwashe, ta tura ta gaba kamar ganuwa mai tafiya.

Sunan wannan abu “habub”, kuma daga Sudan aka aro shi, inda mutanen Khartum suka daɗe da saninsa. Ran 5 ga Yulin 2011, da magariba, wani habub ya afka wa Phoenix, tsawonsa sama ya haura mita 1,500, faɗinsa kimanin kilomita 160. Ya haɗiye dogayen benaye, wuta ta ɗauke a unguwanni, aka dakatar da tashi da saukar jirage na wani lokaci. Abin dariya, bayan ƙura ta lafa sai wasu mazauna jihar suka riƙa rubuta wasiƙu ga jaridu suna ƙorafin don me masu hasashen yanayi za su riƙa kiran ƙurarsu da sunan Larabci. Sunan dai ya zauna daram.

A wannan yammacin wani mai ɗaukar hoton biki, Mike Olbinski, yana saman wani gini a tsakiyar birnin da kyamararsa a kafe. Ɗan gajeren fim ɗin da ya haɗa ya zagaya duniya ta intanet da gidajen talabijin. Daga nan likkafa ta ci gaba. A 2013 ya ɗauki wani gagarumin hadari mai juyawa kusa da garin Booker a jihar Texas, masu fim ɗin Thor: The Dark World suka sayi hoton suka sa a fim ɗinsu. Ka ji fa, kamfanin da ke da kwamfutocin ƙirƙirar kowace irin guguwa, sai ga shi yana biyan kuɗi don hadarin gaske. Olbinski ya ci gaba da fitar da jerin gajerun finafinai masu suna Monsoon, kowanne na ’yan mintoci, amma bayansa akwai tuƙin dubban kilomitoci.

Habub yana da kyau daga nesa, a cikinsa kuwa ko hancin motarka ba ka gani. An sha yin karon motoci masu yawa a wannan hanya, har a 2020 aka kafa na’urorin gano ƙura kusa da dutsen Picacho, masu rage iyakar gudu da kansu. Shawarar hukuma ga direba tana da ban mamaki: sauka daga titi gaba ɗaya, kashe duk fitilu, ɗage ƙafa daga birki. Dalili shi ne, na bayanka in ya hango jar wutarka zai zaci kan hanya kake, ya biyo ta, ya afka maka. Ƙurar kanta ba ta lafiya ba ce, domin a ƙasar yankin akwai wata ƙwayar cuta da ke shiga huhu ta sa zazzaɓi da tari.

Ruwan da ba ka ga saukarsa ba

Amma abin da ya fi walƙiya da ƙura yaudara yana can arewacin jihar. Daga Phoenix, tafiyar sama da kilomita 400 ta kan garin Flagstaff za ta kai ka Page, a gefen ƙasar ƙabilar Navajo. A nan Antelope Canyon yake, wata tsaga ce a cikin jan dutse, mai zurfi, ƙunci kuwa a wasu wuraren mutum biyu ba sa jerawa. Bangonta sumul, a murɗe kamar an zuba narkakken alawa, hasken rana yana saukowa ciki kamar igiya. Da wuya a sami mai kwamfutar da bai taɓa ganin hoton wurin a fuskar allo ba. Abin da masu sha’awa suke mantawa shi ne, ruwa ne ya sassaƙa wannan kyan, kuma bai gama aikinsa ba.

Ran 12 ga Agustan 1997 wasu ’yan yawon buɗe ido suna cikin tsagar suna ɗaukar hotuna. A inda suke ba a yi wani ruwan kirki ba. Ashe can sama, tazarar kimanin kilomita 11, hadari ya zubar da kayansa. Ƙasar hamada ba ta shan ruwa da sauri, don haka duk abin da ya sauka sai ya tattaru ya nufi hanya guda, ɗauke da laka da duwatsu da itatuwa. Mutum 11 suka rasu, bakwai daga cikinsu ’yan Faransa. Jagoransu kaɗai ya tsira, shi ma da raunuka. Bayan haka aka kafa matakalan ƙarfe da jiniya, kuma ba a shiga sai da jagora mai izini, in an ga alamar hadari a rufe wurin.

Shekara 20 bayan haka, ran 15 ga Yulin 2017, irin wannan ya sake faruwa kusa da garin Payson. Dangi guda sun fita shaƙatawa a bakin wata ƙorama, ruwa ya sauka a kan tsaunin da gobarar daji ta ƙone ba da daɗewa ba, ambaliya ta gangaro ta tafi da mutum 10, har da ƙananan yara. Allah Ya kiyashe mu da mummunar ƙaddara.

Masana sun ce ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da ƙato, mai santimita 30 kuma yana ɗaga ƙaramar mota. Alamomin da jagorori suke koyarwa su ne: ruwan ƙorama ya sauya launi, ko ya fara kawo ganyaye da ƙirare, ko ka ji ruri kamar na jirgin ƙasa daga sama. In haka ta faru, ba a gudu a bi kwari, sama ake hawa, a bar jaka, a bar kyamara. Saboda masu taurin kai, tun 1995 jihar ta yi wata doka da jama’a suka laƙaba wa suna “dokar wawan direba”: wanda ya kewaye shingen hukuma ya shiga ruwa da mota, ana iya sa shi ya biya kuɗin ceto shi.

Hadarin da ya ciyo Oscar

Daga Page, in aka yi gabas kimanin kilomita 200, sai ga Monument Valley a kan iyakar Arizona da Utah. Waɗannan su ne jajayen duwatsun da darakta John Ford ya nuna wa duniya a Stagecoach na 1939, kuma a kan titin da ya doshe su ne Forrest Gump ya gaji da gudu ya tsaya. A fim ɗin Ford na 1949, She Wore a Yellow Ribbon, akwai wani sin da sojojin doki suke tafe a jere, sama ta yi baƙi ƙirin, walƙiya tana tsaga ta. Labarin da ya yaɗu a Holiwud shi ne, hadari ne ya taso ana cikin aiki, mai ɗaukar hoto Winton Hoch ya so a tattara kaya saboda ƙarancin haske da haɗarin aradu, Ford ya ce a ci gaba. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne Hoch ya ci kyautar Oscar ta ɗaukar hoto mai launi da wannan fim.

Matasa masu burin riƙe kyamara suna son wannan labari, amma kada ya ruɗe su. An yi sa’a ne kowa ya koma masauki lafiya. Waɗanda suka daɗe a sana’ar bin hadari ba ƙarfin hali ya raya su ba. Sanin ƙasa ne: ina ruwa yake bi, ina iska ta dosa, wace hanya ce ta fita in al’amari ya juya. Tun kafin su kafa kyamara sun juya kan motarsu ta fuskanci hanyar gudu.

Wanda bai da kuɗin jirgi zuwa Amurka kuma, bai yi asarar komai ba. Irin wannan ganuwar ƙura tana tasowa daga gabas a farkon damina a Agadas da Damagaram da Sakkwato da Maiduguri, kuma yadda ake haihuwarta a can haka ake haihuwarta a nan. A watan Mayun 2020 wata ta rufe Yamai da rana tsaka, sama ta koma ja jawur, kuma da wayoyin hannu mazauna birnin suka ɗauki hotunan da kafofin labaran duniya suka yi ta nunawa. Daraktan da ke neman sin ɗin da ’yan kallo ba za su manta ba, ga shi nan kyauta kowace shekara. Sai dai ya nemi tudu mai mafaka a kusa, ya sa rana a bayansa, ya nesanta jarumansa da ma’aikatansa daga kwazazzabo da busasshen rafi, sannan in ya ji tsawa ya ce a tattara.